Haramcin cikon zaiba a 2034: Kada tsoro ya kai ku hannun masu ɓanɓare lafiyayyen haƙori

A ranar 7 ga watan Nuwamba na shekarar 2025 ne wakilan ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Minamata suka tashi daga taronsu karo na shida a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, inda suka tsai da shawarar cewa daga shekarar 2034 za a daina ƙerawa, da shigowa, da fitar da baƙin cikon haƙorin nan da likitoci suke kira amalgam, sai dai a inda likita ya ga lalurar majinyaci ta tilasta. Ƙasashen Afirka ne suka fi kowa matsa lamba a kan batun, don tun a taron 2023 ƙasashen Botswana da Burkina Faso suka gabatar da buƙata a madadin nahiyar cewa a rufe babin nan da 2030. Indiya da Iran da Birtaniya suka ce wa'adin ya yi kusa, daga ƙarshe aka daidaita a kan 2034.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai rumfa a Jibiya ko Ƙonni ko Maigatari da taron Janeba? Da ruwansa kuwa. Kusan duk wanda aka taɓa cike wa kogon turmi a asibitin gwamnati shekarun baya, a Kano ne ko a Maraɗi, wannan baƙin cikon ne a bakinsa. Kuma kamar yadda kowane ɗan kasuwa ya sani, ranar da aka ji cewa za a haramta wani kaya, ranar ce wata sabuwar kasuwa take buɗewa. A wannan karon hajar da za a tallata ita ce tsoro. Za a ce maka akwai guba a bakinka, ita take kawo maka ciwon kai da mantuwa da kasala, ka zo a cire a sa maka fari. Saboda haka ya kamata a san abin da aka yanke a Janeba, da kuma abin da ba a yanke ba.

Asalin maganar daga Japan take. A 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wadda daga baya aka tabbatar cewa zaibar da kamfanin Chisso yake zubarwa cikin teku ce kifaye suka sha, mutane kuma suka ci kifin. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar a 2013, ta fara aiki a watan Agustan 2017. Nijar da Gana sun shiga a 2017, Najeriya ta biyo baya a 2018. Manufarta ita ce a rage zaibar da take shiga iska da ruwa da ƙasa, ko daga ina ta fito. Shi kuwa amalgam, kusan rabinsa zaiba ce, saura garin azurfa da kuza da jan ƙarfe, kuma an fi shekara 150 ana cike haƙori da shi saboda araha da ƙwari. Ɓurɓushin da ya rage bayan an gama aiki, da wanda aka kankare daga tsohon ciko, a yawancin asibitocinmu kwata yake bi ko ya ƙare a juji a ƙone shi da shara. Wannan ce babbar hujjar haramcin.

A nan ya dace a yi wata 'yar tsokaci. Duk mai neman inda zaiba take yi wa mutanenmu ɓarna, ya fara duba rumfunan kasuwa da ramukan zinariya kafin ya buɗe baki gaban madubi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam yake saki cikin iska daga masu haƙar zinariya da hannu take fitowa, irin waɗanda suke ƙona curin zaiba a kan garwashi suna shaƙar hayaƙin, a Zamfara da Jado da sauran wurare. Sai kuma man bilicin, wanda tun taron 2023 aka yanke cewa duk mai ɗauke da zaiba ya haramta daga 2025. Macen da take shafa irin wannan man safe da yamma ta fi mai cikon turmi biyu shiga haɗari nesa ba kusa ba, kuma kwalayensa ta hannun 'yan kasuwa suke ƙetare iyaka.

To shi cikon da yake cikin baki fa, yana cutarwa? Gaskiya ce yana sakin ɗan tururin zaiba, musamman wajen tauna. Abin tambaya shi ne ko adadin ya kai ya yi lahani. A 2006 an buga sakamakon manyan bincike guda biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a birnin Lisbon na Fotugal, kowanne da yara sama da 500. An raba su gida biyu, wasu aka sa masu amalgam wasu aka sa masu farin ciko, aka bi su shekara biyar zuwa bakwai ana gwada basirarsu da aikin jijiyoyinsu. Ba a ga bambanci ba. Abin da aka gani shi ne farin cikon ya fi saurin lalacewa a turame. Duk da haka, a watan Satumban 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a guji sa sabon amalgam ga masu ciki, da masu shayarwa, da ƙananan yara, da masu ciwon ƙoda ko ciwon jijiyoyi. Taron Minamata na Bali a 2022 shi ma ya buƙaci ƙasashe su kauce wa sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu goyo. Amma a cikin wannan sanarwar ta 2020 hukumar ta Amurka ta faɗi ƙarara cewa ba ta ba da shawarar a cire cikon da yake zaune lafiya ba. Taron Janeba ma bai ce kowa ya cire nasa ba. Wannan ɓangaren ne masu tallar tsoro ba za su karanta maka ba.

Su wane ne su? A Amurka da Turai akwai wasu likitocin haƙori da suke kiran kansu holistik, wato masu duban jiki gaba ɗaya ba haƙori kaɗai ba, kuma yanzu sunan ya fara bayyana a tallace-tallacen asibitocin kuɗi da bidiyoyin da ake turawa ta waya. Tushen maganarsu yana da gaskiya a ciki, ba a ƙi ta tasu ba. Baki ba a ware yake da jiki ba. Ciwon suga yana lalata dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Wasu magungunan hawan jini suna busar da miyau ko su kumbura dasashi. Likitan da ya tambaye ka abin da kake ci, da shayi nawa kake sha a wuni da sukari nawa a ciki, da magungunan da kake kai, kafin ya ɗauki injin, ya yi aikinsa yadda ya kamata. Sai dai kowane likitan kirki haka yake yi, ba sai ya rataya wani suna a ƙofa ba. Kuma kalmar holistik ba digiri ba ce. Babu hukumar likitocin da take yi wa mutum jarrabawa ta ba shi ita, kowa yana iya rubuta ta a allonsa.

Inda matsalar take shi ne abin da wasunsu suka ɗora a kai. Fitaccen cikinsu, wani likita a jihar Kolorado mai suna Hal Huggins, ya shafe shekaru yana gaya wa masu cututtukan jijiya masu tsanani cewa cikonsu ne sanadi, yana cire masu a kan kuɗi masu yawa, har hukumar jihar ta ƙwace lasisinsa a 1996. Wasu kuma suka farfaɗo da tsohon ra'ayin Weston Price na farkon ƙarni na 20, cewa haƙorin da aka kashe wa jijiya aka cike saiwarsa yana haifar da cututtuka a jiki, don haka a tumɓuke shi. Binciken baya bai tabbatar da haka ba, kuma wani fim da aka yi a kan wannan da'awa sai da kamfanin Netflix ya sauke shi a 2019 bayan ƙorafin ƙungiyoyin likitoci. A can, wanda aka yaudara yana da kotu da inshora. A nan, wanda aka cire wa turame huɗu sai dai ya koma tauna da gefe guda.

Dalilin da ya sa ba a son taɓa lafiyayyen ciko ba boyayye ba ne. Lokacin da ake kankare shi da inji ne ya fi sakin tururin zaiba, wato mai gudun guba a ranar cirewa yake shaƙar mafi yawanta. Bayan haka, duk sanda aka cire ciko sai an ci wani abu daga jikin haƙorin, kogon ya ƙara faɗi da zurfi, ya matsa kusa da jijiya. Haƙori kuwa ba ya tofowa. Ƙaramin ciko ya zama babba, babba ya kai ga kashe jijiya, daga nan sai hula, daga hula sai cirewa. Shi ya sa likitoci da dama yanzu, idan gefe guda ne ya ɓalle, suke gyara wurin kawai su bar sauran.

Sai maganar abin da zai maye gurbinsa, kuma a nan ne 'yan kasuwa za su fi kowa gane inda gizo yake saƙa. Farin cikon da ake kira kompozit yana da kyan gani, kuma a hannun gwani yana daɗewa. Amma yana da sharuɗɗa. Dole wurin ya bushe ƙayau, ɗigon miyau ɗaya ya isa ya hana shi kamawa. Dole a sa shi kaɗan-kaɗan ana haska shi da shuɗiyar fitila har ya daskare, fitilar kuma tana son caji mai ƙarfi. Ruwan gam ɗin da yake manna shi da haƙori yana da ranar lalacewa, kuma ba ya jure zafi. Yanzu a auna kwalin da ya kwana biyar cikin tirela a bakin iyaka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko wanda ya maƙale watanni lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ko wanda aka sauke aka sa a kwalekwale saboda Nijar ta ci gaba da rufe gefenta na gadar Gaya bayan ɗage takunkumin. Amalgam yana yafe wa likita kuskure da yawa. Farin ciko ba ya yafewa. Idan aka yi shi da lalataccen kaya, yau zai yi kyau a madubi, bayan wata shida ruɓa ta shiga ta ƙarƙashinsa.

Akwai hanya ta uku da ba a cika tallatawa ba saboda ba ta da riba sosai. Wani siminti ne na haƙori da ake kira gilas ayonoma, wanda ake kwaɓawa da hannu, ba ya buƙatar lantarki, kuma yana sakin sinadarin fuloraid mai kare haƙori. A Tanzaniya aka fara gwada cike kogo da shi da kayan hannu kawai a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Yana da kyau ga ƙaramin kogo da haƙoran yara, amma babban kogo a turmin mai cin goro da ƙilishi ya fi ƙarfinsa.

Ta fuskar samun kaya kuwa, ƙofofi sun riga sun fara rufewa. Tarayyar Turai ta hana amfani da amalgam da fitar da shi waje tun 1 ga Janairun 2025, ta kuma sa 1 ga Yulin 2026 a matsayin ranar daina ƙera shi da shigo da shi. Manyan kamfanoni biyu, Dentsply Sirona da Kerr, sun bar sana'ar tun kafin nan. Asibitocin ƙasashen renon Faransa da suka saba sayen kaya daga Turai su ne za su fara ji a jikinsu. Abin gudu shi ne a koma gidan jiya, wato a sayi zaiba ta kwalba irin ta masu zinariya a kwaɓa a turmin hannu, alhali yarjejeniyar ta hana haka, ta ce sai wanda aka auna aka rufe cikin ƙwanso daga kamfani. Duk wanda ya ga ana tsiyayo zaiba daga kwalba za a sa masa a baki, ya tashi daga kujerar.

Duk wannan yana faruwa ne a yankin da likitan ma neman sa ake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa tsakanin 2014 da 2019 yankin Afirka yana da likitan haƙori 3.3 ne ga kowane mutum 100,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Giɓin nan ne mai akwati a bakin tasha yake cikewa, wanda zai cire maka haƙori da filaya ɗaya da ya cire wa mutum biyar kafin kai, ko ya kwaɓa roba ya manna maka haƙorin roba a jikin na kusa da shi. Ciwon hanta ta irin wannan filayar yake yawo. Robar da aka manna kuwa ba ta fita a wanke, abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya ruɓe, a wayi gari haƙoran da suka riƙe ta su ma suna girgiza.

Haƙorin Makka ma yana cikin lissafi, ko da yake mutane ba su cika son a taɓa maganar ba. Babu mai hana Alhaji ko Hajiya alamar sauke farali. Amma a san cewa da yawa daga cikin abin da ake sawa a gurguje a kasuwannin Makka da Madina da Jidda hula ce ta ƙarfe da aka riga aka ƙera, a ɗan goge lafiyayyen haƙori a danna ta a kai, ba tare da an auna bakin mai ita ba. Idan bakinta bai zauna daidai da dasashi ba, nan datti yake maƙalewa, asuwaki kuma ba ya kai wa. Shekara biyu ko uku sai wari, sai jini, sai zogi, a cire hular a tarar da haƙorin ya zama gawayi. Mai irin wannan hula ya kai ta a duba ko da ba ta ciwo. Haka nan masu zuwa sarin kaya Dubai ko Alƙahira ko Istambul, waɗanda ake yi wa tayin sabunta haƙoran gaba duka cikin kwana biyar kafin jirgi ya tashi. Aikin yana iya yin kyau, amma sau da yawa sai an fere lafiyayyun haƙora sun koma kamar tsinke kafin a ɗora hulunan, abin da ba ya gyaruwa har abada. In ɗaya ta faɗi bayan an dawo gida, wanda ya yi aikin yana bayan teku.

Yaushe ne ciko yake buƙatar a koma wa likita da gaske? Idan sabo ne, ɗan tsami da ruwan sanyi na mako biyu ko uku ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa shi yake fara haɗuwa in an rufe baki, ya yi tudu ke nan, gogewar minti biyar ce, kuma wanda ya yi aikin bai kamata ya sake karɓar kuɗi a kai ba. Tsohon ciko da ya tsage, ko yake motsi, ko nama yake maƙalewa a gefensa kullum, ko yake wari, ya fara yoyo, a gyara shi tun kogon bai kai jijiya ba. Zogin da shayi mai zafi yake tayarwa ya daɗe bai lafa ba, ko mai tada mutum cikin dare, alama ce jijiyar ta kamu, kuma a nan zaɓi biyu ne, a wanke saiwar a cike ko a cire haƙorin. Ampiclox da Flagyl na kemis suna kwantar da kumburi na ɗan lokaci ne kawai, tushen yana nan. Kanumfari yana rage zafi kafin a isa asibiti. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙuna take yi, ruwan batir kuwa da wasu suke ɗigawa a kogo ba ya kashe wata tsutsa, nama yake ci. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta gagara, a rufe rumfa a nufi babban asibiti a daren, domin irin wannan yana toshe numfashi.

Wajen gane likitan da za a amince masa, ɗan kasuwa ya yi amfani da idon da yake sayen kaya da shi. A Najeriya, likitan haƙori sai mai rajista da majalisar likitoci ta MDCN, da lasisin da ake sabuntawa kowace shekara. A Nijar da Kamaru da Benin, sai wanda sunansa yake cikin kundin majalisar da ake kira Ordre. Tambayar takarda ba rashin kunya ba ce, mai gaskiya ma a bango yake rataye ta. A kuma bambance likita da ma'aikacin da aka horar don wanke haƙora, da mai ƙera haƙoran roba a ɗakin aiki. Kowannensu yana da hurumi, amma ba kowane mai farar riga ne aka koya wa kashe jijiya ba. Mai amana zai duba bakin duka, ya ɗauki hoto kafin babban aiki ya nuna maka abin da ya gani, ya buɗe kayan aiki daga ledar da aka dafa su a gabanka, ya faɗi kuɗin tun kafin ya fara, ya kuma gaya maka abin da zai faru in ka bar haƙorin yadda yake. Wanda ya ce duk cikon bakinka sai an sauya a yau, ko ya jingina ciwon bayanka da rashin haihuwa a kan haƙori, ko ya haɗa maka da kwalaben maganin wanke guba daga cikin durowarsa, ka ce za ka yi shawara. Sassan haƙori na asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato da Maiduguri, da babban asibitin Damagaram, akwai layi da jira, amma wuri ne da za a ji ra'ayi na biyu daga wanda albashinsa bai dogara da yawan cikon da ya cire ba.

Ga wanda yake aiki a ƙasa ɗaya yana kwana a wata, akwai ƙarin abu guda. Kashe jijiya da sa hula kan ɗauki zuwa biyu ko uku, kuma haƙorin da aka buɗe aka rufe da cikon wucin gadi ba ya jiran a buɗe iyaka. A fara irin wannan aiki a gefen da aka tabbata za a iya komawa. A kuma nemi likitan ya rubuta lambar haƙorin, da ranar aikin, da sunan abin da ya sa a ciki, a ɗauki hoton takardar da na haƙorin a waya, domin likitan Katsina ya san abin da na Maraɗi ya yi ba tare da ya sake fasa cikon ba.